Kogin da Ke Cikin Kan Nomau

Yana ɗan shekara tara na zaunar da shi a goshin jirgi,
na ce, Nomau, ba da ido kaɗai ake karanta ruwa ba.
Ga dutsen da ke kwance kamar kada mai jiran rabo,
ga inda yashi ke ƙaura duk damina,
ga inda ruwa ke murmushi, alhali rami ne.
Kafin gemu ya tsiro masa
Kwara ta tare cikin kansa,
daga Yelwa har tsibiran da ba su da suna sai a bakin Sarkawa.
Ko wata ya ƙi fita
sai ya kai mutane gida, ko buhu ɗaya bai jiƙe ba.

Sai ganyen nan ya zo.
Bai yi sallama ba.
Bayan rumfar masu gyaran inji aka miƙa masa,
a naɗe, wai maganin gajiya.

Da fari dariya ce, ta babu gaira babu dalili,
da ido kamar nunanniyar gauta,
da cikin da ke share tuwon mutum uku.
Daga nan lokaci ya kwance masa.
Ya ce yanzun nan ya zauna,
alhali kasuwa ta watse, an sallame la'asar.
Ya ɗauko magana, tsakiyarta ta suɓuce
kamar tarwaɗa a hannun yaro,
ya tsaya yana kallon tafinsa.

Malama Hajo ta asibiti ta zana min kai a bayan kati.
Ta ce, Baba, ƙwaƙwalwa gida ce mai ƙananan ƙofofi,
jiki ke ƙera makullansu,
yana buɗewa ɗaya-ɗaya, in buƙata ta yi.
Hayaƙin wiwi da makullin jabu yake shiga,
ya wangale su gaba ɗaya.
Rumbun da ake zuba abin da aka gani yau, ya bar shi yana yoyo.
Ɗan aiken da ke gudu tsakanin ido da hannu, ya ɗaure masa ƙafa.
Ta ce, kan saurayi kuwa ɗanyar tukunya ce,
ba ta gama shan wuta ba,
yatsan da ya danne ta yanzu yana iya barin shaida.

Ban gane ba sosai
sai ranar kasuwa.
Ya ga dutsen. Ya rantse min ya gan shi.
Amma kafin gani ya isa hannu
jirgi ya riga ya isa dutse.
Allah ya tsare, ba a rasa rai ba,
sai awaki biyu, da albasar wani Bagunge,
da kwanonin wata tsohuwa da har yau ba ta amsa gaisuwata.
Yana tsaye, ruwa iya ƙirji,
yana dariya, dariyar ta juye kuka.

Bayan nan ya ce kwaɗi da shi suke.
Ya ce masu wanki na ƙirga takunsa.
Ya toshe tagar ɗakinsa da tsohuwar koma.

Yau kwana arba'in da ɗaya bai taɓa ba.
Barci ya yi masa yaji, zufa ta hana shi sakat,
ya fasa tulun uwarsa a kan maganar gishiri.
Amma da asuba nakan tashe shi,
mu bar inji a gida, mu ɗauki filafili.
In mun kai tsakiya sai in ɗaga hannu:
Nomau, me ke ƙasan nan?

Jiya ya yi shiru har rana ta leƙo.
Na ji ruwa na lasar katako.
Can ya ce, dutse, Baba.
Na ce, wanne?

Bai sani ba tukuna.
Gobe ma za mu koma.